Wayar da Na Yanke wa Malam Sahabi

Akwai maganar da na san kuna yi a bayan idona, ku 'ya'yana, musamman idan kun taru da Sallah kuka gan ni a tsakar gida ina fifita da mafici, ga kuma ramin esi, na'urar sanyaya ɗaki, can a bangon ɗakina an toshe shi da bulo. Kuna cewa Baba ya tsufa ya koyi maƙo, har kyautar da ɗansa ya yi masa ya kai kasuwa. Wasunku kuma sun ji a bakin 'yan unguwa cewa na yanke wa aminina wuta yana kwance ba lafiya. Duka biyun sun faru, ban musa ba. Amma tun da Allah ya ara mini kwana, kuma hannuna bai fara rawa ba, bari in rubuta yadda abin ya kasance, don kada bayan raina kowa ya riƙa faɗin nasa.

Lokacin da na baro ƙauye na sayi fili a Gidan Dare, rabin unguwar gonaki ne. Da damina sai ka ratsa gero kafin ka kai bakin titi. Ina sayar da hatsi a kasuwa, Allah ya rufa asiri, aka kuma yi sa'a turken lantarki ya faɗo daidai ƙofar gidana, sai na zama na farko da ya ja wuta a layinmu. A wancan zamanin takarda ake kawowa ƙarshen wata, kuma abin da aka rubuta a kanta ba ruwansa da abin da ka sha. Ka kunna ƙwai ɗaya, ka kunna ashirin, kai ko wata guda aka yi ba a kawo wutar ba, kuɗin suna nan yadda suke. Mu kuwa mutanen ƙauye ne. A garinmu wanda ya haƙa rijiya a gidansa ba ya rufe ƙofa, ban kuma taɓa jin an ce wa matar maƙwabci ta mayar da gugarta ba. Da wannan tunanin na ɗauki lantarki. Maƙwabci zai yi sallama bayan la'asar, a gaisa, a tambayi iyali da kasuwa, sannan ya sosa ƙeya ya ce a taimaka masa da 'yar waya, ko ƙwai ɗaya ya samu yara su yi karatu. Ni kuma in ce haba, wannan ma har sai an tambaya? Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin abin. Ina son in fito bayan magariba in ga layi ya yi haske, in ce a raina daga gidana ne.

Wayoyi uku na bayar da hannuna. Ɗaya ta tafi masallacin layi, ɗaya gidan wani tela da ke hannun dama da mu, ta ukun ta tsallaka katangar baya zuwa gidan Malam Sahabi. Shi Sahabi bai roƙa ba, ni na sa aka ja masa. Sa'ana ne, garinmu ɗaya, rana ɗaya aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki har muka fara riƙe fartanya. Da na dawo birni ya biyo ni ya sayi filin bayan gidana, amma bai taɓa yarda ya zama ɗan birni ba. Ruwan farko na sauka zai tattara ya koma gona, sai kaka ya dawo ya yi baƙi ya rame, ya aiko mini da damin gero har gida. Ni da nake da rumbu a kasuwa! Idan na yi magana sai ya ce ai wanda nake sayarwa na mutane ne, wannan shi ne na ci. Haka muka zauna shekara talatin da wani abu, har ranar da hawan jini ya kayar da shi a gona, aka kawo shi ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Tun daga nan yake kwance a ɗakinsa mai rufin kwano, matarsa Balki na jinyarsa, fanka ɗaya na juyawa a kansa idan an kawo wuta.

Shekara biyu da kwanciyarsa 'yan wuta suka zo suka ɗaura mana mita, irin wadda ake sa wa kati. A lokacin na riga na bar kasuwa saboda gwiwa, kuma Nasiru, na ukunku, shi ya ɗauki nauyin wutar gidan; daga inda yake aiki yake saya ta waya ya turo lambobi, a danna. Shi ne kuma ya saya mini esi shekara guda kafin nan, ya zo da kansa ya tsaya aka fasa bango aka sa. Katin farko da ya ce zai kai mu wata, kwana biyar ya yi. Na ce ai sabuwar mita ce, ba ta saba ba. Na biyu ya yi kwana huɗu. Daga nan gidan ya rikice. Mahaifiyarku ta ɗora wa dutsen gugar 'yan mata laifi, 'yan mata suka ɗora wa firjinta, ni na ɗora wa kowa ban da kaina. Na zama ɗan sandan gida, ina bin ɗakuna da sandata ina kashe ƙwai, har wata rana na kashe wa Hajiya fitila tana tsakiyar tsintar shinkafa.

"Alhaji," ta ce, "in tsakuwa ta hwasa maka haƙori sai ka kai ma mita ƙara, ba ni ba."

Wata safiya ta Asabar, an kawo wuta, na sa aka kashe komai na gidan, firji da fanka da esi, har cajar waya aka zare. Na ɗauko kujera na zauna gaban mitar. Akwai wani ɗan jan haske a jikinta da ke ƙiftawa idan ana shan wuta. Gida tsit, ba abin da ke kunne, amma hasken nan sai ƙiftawa yake yi da sauri kamar ana korarsa. Na fi rabin sa'a ina kallonsa, ina tsine wa waɗanda suka ƙera shi, kuma wallahi ko sau ɗaya wayoyin nan uku ba su faɗo mini a rai ba. Sun daɗe a wurin har na daina ganinsu, kamar igiyar shanya. Sai na aika aka kira Lawali mai gyaran wuta, dattijo ne mai 'ya'ya, ba ya magana sai ya gama dubawa. Ya tambaye ni ko akwai wanda na ba waya, na ce e, uku ne kawai, ƙwai-ƙwai ne da fanka. Ya jingina tsani ya hau katanga, ya bi waya ya ɓace. Sai bayan azahar ya dawo, rigarsa sharkaf, ya nemi ruwa ya sha, sannan ya dube ni.

"Baba Alhaji, wayoyin ga ukku da kac ce, sun haihu. Har jikoki gare su."

Ashe telan nan ya ba na kusa da shi, shi ma ya ba ƙaninsa, ƙanin ya ba masu haya. Daga masallaci an ja zuwa shagon mai aski. Lawali ya ƙirga gida goma sha ɗaya, a ciki har da mai hita biyu ta dafa ruwa, da mai injin markaɗe, da wata mai sayar da ƙanƙara da firiza babba. Wasu ban ma san sunansu ba. Kuma ba wanda ya yi sata a cikinsu, kowa sallama ya yi aka ba shi, kamar yadda ni na fara. Na yi dariya har na yi tari, daga baya kuma dariyar ta ɗauke, don na san abin da ke gabana. Da yamma na kira Nasiru na faɗa masa. Ya yi magana cikin ladabi, yadda ya saba.

"Baba, don Allah a yanke su dut. Ni ban ƙi in sai muku wuta ba har ƙarshen raina, amma ba ni iya ɗaukar unguwa guda. Ni ma ina da ɗiya makaranta."

Gaskiya ya faɗa, kuma ina so ku sani ban taɓa ganin laifinsa ba. Amma shi yana nesa, ni ne zan haɗa sahu da mutanen nan sau biyar a rana. Kwana uku ina juya maganar. A na huɗu, bayan sallar la'asar, na roƙi liman ya tsayar da jama'a a ƙofar masallaci, na miƙe na yi bayani. Da na gama sai wani ya ce daga baya, shi fa ba wajen Alhaji ya ja ba, wajen tela ya ja, a bar masa tasa. Mutane suka yi dariya, shi kuwa da gaske yake. Liman ya ce jama'a za su haɗa hannu a nema wa masallaci tasa mitar, haka kuwa aka yi. Sauran Lawali ya bi ya cire. Wasu sun fahimta, har suka zo suka yi godiyar shekarun baya. Wasu sun yi wata da watanni idan na yi sallama sai su amsa da hanci, mai ƙanƙarar nan kuwa ta daina shigowa wurin mahaifiyarku har yau. Waya ɗaya na hana a taɓa, ta Sahabi. Na ce wa Lawali wannan ko ni zan kwana a duhu tana nan.

A cikin gida kuma muka gyara zama. Lawali ya canza mana ƙwayayen nan masu zafi da farare marasa cin wuta. Aka dawo da dutsen guga na gawayi. Hajiya ta aika ƙauye aka kawo randuna biyu, ta girka su a kan jiƙaƙƙen yashi ƙarƙashin dogonyaro, ta rufe da faifai, kuma duk wanda ya sha ruwan nan ya san firji bai fi shi ba sai dai ciwon haƙori. Firjin ya koma na nama da magani kawai. Esi na riƙa kunnawa sa'a biyu da rana, ina yi ina jin kamar ina cin amanar wani, don Lawali ya ce shi kaɗai ya fi duk kayan gidan ci. Kati ya fara kai mu mako uku. Na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa, ina ba mutane shawara a majalisa kamar ni na ƙirƙiro lantarki.

Ba a yi wata biyu ba jan hasken nan ya koma gudunsa. Lawali ya sake hawa katanga, wannan karon bai daɗe ba. Sababbin wayoyi uku ne suka fita daga bayan gidan Sahabi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zagaya na yi sallama a zaure, Balki ta fito tana goge hannu da gefen zane. Ban gama magana ba ta sunkuyar da kai.

"Alhaji, mi za ni ce musu? In za a kai Malam asibiti, su ka kama min shi. In ya zame daga gado, su nika kira. Mutum ya ɗauke maka miji kamar jinjiri, ya dawo ya ce a ba shi 'yar waya, da wane baki za ni hana shi?"

Da ni ne ma ba zan hana ba. Nan na gane muddin wayar nan tana tsallaka katanga, za ta ci gaba da haihuwa, kuma Balki ce za ta riƙa shan kunyar. Lawali ya ƙara da cewa siririyar waya ce tun ta da, ta tsufa, kayan da aka ɗora mata sun sa tana zafi, ga ta kuma tana bi ta kan rumfar kara; wata rana gobara za ta yi, mutumin da ba ya iya tashi yana ciki. Ga shi bazara ta kawo kai. Ku da kuka tashi a garin nan kun san zafin Sakkwato kafin saukar ruwa, lokacin da ɗakin kwano ke zama tanda, lokacin da ake yawan sallar gawar tsofaffi. In bar wayar, ina jiran gobara kuma ina zaluntar ɗana. In yanke, na bar Sahabi a cikin wannan ɗakin ba iska. Na rasa ci na rasa sukuni.

Lawali ne ya kawo maganar sola. Ya ce faranti ɗaya a kan rufi, da batir, da fanka mai aiki da shi, da ƙwai ɗaya, sun ishi ɗakin. Ya ce daɗin abin, ba mai iya jan hita ko firiza daga jikinta, don haka ba wanda zai zo roƙo, Balki ta huta. Da ya faɗi kuɗin na san ba ni da su. Na koma ɗaki na kwanta, idona ya sauka a kan esi, na daɗe ina kallonsa. Da na faɗa wa mahaifiyarku na yanke shawarar sayar da shi, ba ta hana ni ba, abu ɗaya ta ce.

"Ka hwaɗa ma yaron tukuna. Kyauta tai."

Ban faɗa masa ba. Na ce wa kaina idan ya ji zai ce a bar esin shi zai nemo kuɗin, ya je ya takura kansa. Wannan gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Sauran ita ce ina so abin ya fito daga hannuna, ni Ummaru, ba daga aljihun ɗana ba. Girman kai ne, na sani. Nasiru ya zo da Babbar Sallah ya shiga gaishe ni ya ga bulo a bango. Ya gaishe ni ya fita, amma na ga fuskarsa, kuma ya yi watanni idan ya kira sai gaisuwa kawai. Nasiru, ga shi na rubuta kowa ya gani: a nan na yi kuskure. Da na kira ka na ce ga abin da nake so in yi da kyautarka, na san da ka ce Allah ya ba da lada. Ka yafe wa tsohonka. Sayarwar dai ban yi nadamarta ba, rashin faɗa maka nake nadama.

Saura abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da za a yi aikin, dole in shiga in sanar da Sahabi da bakina, kuma a ranar ne na tsaya na lissafa na ga tun da ya kwanta ban shiga ɗakinsa ya fi sau huɗu ba, duk da Sallah. Kullum a zaure nake tsayawa in tambayi Balki ya mai jiki, in ce a gaishe shi, in wuce. Ba na iya kallonsa a haka, mutumin da yake ɗaga buhun gero shi kaɗai. Idan zuciyata ta tuhume ni sai in ce mata ai fankar da ke kansa daga gidana take juyawa, ban yar da shi ba. Da wannan na yi shekara biyu ina lallashin kaina, katanga ɗaya tsakaninmu.

Na shiga bayan azahar. Yana kwance a kan katifa, ya rame, gemunsa ya yi fari fat, amma idanun nan nasa suna nan. Na zauna a tabarma na fara zagaye-zagaye, ina yabon sola kamar ni ke sayar da ita. Muna haka Lawali ya sa filaya ya datse wayar daga waje, fankar sama ta rage gudu, ta rage, ta tsaya. Zafin kwano ya sauko mana nan take. Muna jin takun Lawali a kan rufi, zufa na bin wuyan Sahabi, ba ya iya ɗaga hannun ya share. Na ɗauki mafici na fara yi masa fifita, na sa gefen rawanina na goge masa wuya. Rabon da in taɓa jikinsa tun ranar da muka sauko da shi daga mota. Na fi sa'a guda ina fifitar nan, hannu na gajiya ina canzawa, kafin Lawali ya shigo ya girka sabuwar fanka ya danna, iska ta taso. Na ce to, ka gani, wannan ko an ɗauke wuta ba ruwanta. Sahabi bai ko dubi fankar ba. Ni yake kallo. Maganarsa ta yi nauyi tun da ya kwanta, sai ya ja kowace kalma, amma na ji ta sarai.

"Ummaru, shekara biyu wayarka na shigowa ɗakin ga, kai ba ka shigowa. Da na san sai an yanke ta za ka zo, da na sa Balki ta yanke ta tun tuni."

Hawaye ne suka zubo mini, ni da furfurata, a gaban Lawali, ban kuma ji kunya ba. Washegari bayan azahar na dawo, jibi ma haka. Yau bazara huɗu ke nan, in ba ciwo ya kwantar da ni ba, ban fasa ba. Da rana tsaka idan an ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, fankar Sahabi kaɗai ke juyawa a layin nan, ni kuma ina ƙarƙashinta a tabarma, muna gardamar wace shekara aka fi yin gero a garinmu. Idan na yi sallama yakan ce wa Balki ta shimfiɗa wa maroƙin iska tabarma, ya zo. Ni kuwa in tuɓe takalmi in shiga.